Uwa Mai Sani, Garkuwar Ɗanta

Karatu: Sarakuna na Biyu 4:18-37, Yohanna 9:1-7

A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani nauyi da ke cikin gidaje da yawa na masu bi, a nan Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da ƙauyukan da ke kewaye da su. Nauyi ne da akan ɗauka a ɓoye saboda kunya.

Akwai yaron da ba ya cika wata biyu da lafiya. Yau zazzaɓi, gobe ciwon ƙashi, jibi idanu sun yi rawaya. Sa'anda hunturu ya sauko, sai a riƙa jin kukansa cikin dare. A kai shi kemis, a yi allura, ya sami sauƙi, bayan 'yan makonni abin ya komo. Wataƙila wansa ma haka ya yi ta yi har ya rasu. Maƙwabta suna cewa ɗan wabi ne, waɗansu su ce iska ce, waɗansu su ce an yi wa gidan sammu. Dangin miji kuwa sau da yawa sukan juya kan uwar, su ce jininta ne ba shi da kyau.

Wannan ciwo yana da suna. Shi ne amosanin jini, wanda a ke kira sikila. Abin da mu ke so mu sa a zuciyarku shi ne wannan: uwar irin wannan yaro ba abar zargi ba ce, abar koyarwa ce, gama ta hannunta ne Allah ya kan tsare ran yaron.

Matar Shunem

Bari mu fara da Maganar Allah. A garin Shunem akwai wata mace mai daraja wadda ta roƙi mijinta suka gina wa annabi Elisha ɗan ɗaki, domin ya riƙa sauka idan ya bi ta nan. Ba ta da ɗa, Allah kuwa ya ba ta. Yaron ya yi wayo, ran nan ya fita gona wurin ubansa a lokacin girbi, sai ya kama kukan ciwon kai. Uban bai san abin da zai yi ba, ya sa bara ya ɗauki yaron ya kai wa uwarsa. Ta riƙe shi a cinya har rana ta yi tsaka, yaron ya mutu.

Ku lura fa da abin da matan nan ta yi. Ta kwantar da shi a gadon annabin, ta sa aka ɗaura wa jaki sirdi. Mijinta ya yi mamaki, gama ranar ba ranar sujada ba ce, bai ga dalilin tafiya ba. Ita kuwa ba ta tsaya gardama ba. Ta umurci bara kada ya sassauta tafiya, har suka kai Dutsen Karmel. Ko da Elisha ya aiki Gehazi da sandarsa, ba ta yarda ta koma ba sai tare da annabin kansa. Ƙarshen labarin kun san shi: ta karɓi ɗanta da rai.

Ikon ta da matacce na Allah ne kaɗai. Amma akwai abubuwa uku a halin wannan mace da kowace uwa za ta iya koya. Ta san inda taimako ya ke tun wahala ba ta zo ba. Ba ta yi jinkiri ba. Ba ta kuma yarda da taimako rabi da rabi ba. Haka kuma labarin ya nuna mana abin da ke faruwa a gidajenmu har wa yau: idan yaro ya kwanta, cinyar uwa a ke nufa da shi. Tun da shi ke haka ne, ashe wajibi ne a ba uwa sani.

Laifin wa ne?

Sa'anda Ubangijinmu ya gamu da mutumin da aka haifa makaho, almajiransa suka so su san wanda ya yi zunubin da ya jawo haka, ko shi ko iyayensa. Yesu ya kawar da wannan tambaya gaba ɗaya. Ya nuna musu cewa ba hukuncin zunubin kowa ba ne, zarafi ne na bayyana aikin Allah, sa'an nan ya warkar da mutumin. Almajirai suna neman mai laifi, Ubangiji yana neman yadda za a taimaka. To, mu almajiran wa ne?

Ga yadda ciwon ya ke. Cikin jinin mutum akwai jajayen ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, su ne ke kai iskar numfashi ko'ina cikin jiki. Ga mai lafiya ƙwayoyin a kewaye su ke, da taushi, kowace tana yin kwana kamar 120. Ga mai amosanin jini kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Domin wannan jininsa kullum ba ya isa. Idan kuma ƙwayoyin suka cushe a ƙananan hanyoyin jini, sai ciwo mai tsanani ya tashi a ƙashi ko ciki ko ƙirji. Saifarsa ma takan lalace tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai sha ya tashi, shi yana iya kai shi kabari cikin yini ɗaya. Wani likita a Cikago ta ƙasar Amurka, James Herrick, shi ne ya rubuta bayanin waɗannan ƙwayoyi masu kamar lauje a shekara ta 1910, a 1949 kuma masana suka tabbatar da yadda a ke gadonsa.

Gadon kuwa daga wajen uba da uwa ne, su biyu. Mu ɗauki misali. A ce maigida yana da ƙwarya da goro 2 a ciki, fari da ja. Uwargida ma tana da tata ƙwaryar, fari da ja. Farin goro shi ne abin da likitoci ke kira A, jan kuwa S. Mai fari da ja, wato AS, lafiyarsa lau, yana noma, yana dako, bai ma san yana ɗauke da kome ba. A kowane ciki, sai a ɗauki goro ɗaya daga ƙwaryar miji, ɗaya daga ta mata, ba tare da an duba ba. Idan fari da fari suka haɗu, yaron AA ne. Idan fari da ja ne, AS ne kamar iyayensa. Idan ja da ja suka haɗu, shi ne SS, mai ciwon. A kowane ciki dai rabon SS 1 ne cikin 4, kuma kowane ciki da nasa rabon, domin haka wani gida zai haifi 3 a jere masu ciwon, wani gida kuwa ko ɗaya. Ku gane wannan da kyau, ya ku maza da iyayen maza: ba yadda za a yi yaro ya zama SS sai ubansa ya ba da nasa jan goron. Wanda ya kori matarsa saboda wannan ya yi zalunci, ya kuwa tafi da nasa rabin cikin jikinsa.

Ba mu kaɗai ke da ciwon gado ba. A ƙasashen bakin Bahar Rum akwai wani zazzaɓi na gado mai tafiya yana komowa, a cikin Turkawa da Larabawa da Yahudawa da Armeniyawa. Kowace al'umma da nata kayan. Namu kuwa yana da dalili: a 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna a Afirka ta Gabas cewa yaro mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa wannan jini ya yawaita a ƙasashen sauro. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kamar 150,000 masu ciwon kowace shekara a ƙasarmu. A ranar Lahadi, idan mutum 100 sun taru sujada, kamar 25 cikinsu suna da jan goron nan. Ina abin gori?

Garki da Jamaika

Akwai labari biyu da ya kamata kowane mai bi ya ji. Na fari a ƙasarmu ya faru. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, tun 1991 kuwa tana cikin Jiharmu ta Jigawa. Suka gwada jinin mutane da yawa, aka buga abin da suka gani a 1979. Cikin jarirai sababbin haihuwa, kamar 2 cikin 100 suna da SS. Amma cikin waɗanda suka yi wayo da manya, da ƙyar a ke samun 1 cikin 1,000. Ina sauran suka tafi? Sun mutu tun suna ƙanana, ba wanda ya san sunan abin da ya kashe su. Waɗannan su ne 'ya'yan wabin da kakanninmu ke ba da labari.

Labari na biyu daga tsibirin Jamaika ne, inda jikokin 'yan Afirka ke zaune, da irin jininmu. A 1973 Dokta Graham Serjeant da abokan aikinsa suka fara gwada jinin jarirai tun ranar haihuwa, suna bin lafiyarsu. Suka ga abin da ke kashe ƙananan yara da yawa shi ne jini ya taru farat ɗaya cikin saifa, ta kumbura, yaro ya yi fari fat, ya mutu kafin a kai asibiti. Ba su da wani sabon magani na wannan. Sai suka koya wa iyaye mata su riƙa taɓa cikin yaron da yatsu, su san girman saifarsa, su kawo shi da gaggawa idan ta ƙaru. A 1985 suka ba da labarin abin da ya biyo baya: dā kusan 3 cikin 10 na masu wannan kumburi suna mutuwa, bayan koyarwa kuwa sai kamar 3 cikin 100. Yatsun uwa ne suka yi wannan aiki, uwa wadda aka koya mata. Annabi Hosiya ya yi kuka cewa rashin sani yana hallaka mutanen Allah. A Garki mun ga gaskiyar kukansa, a Jamaika kuwa mun ga maganinsa.

Abin da uwa za ta sani

Na ɗaya, ta san jinin ɗanta. Ciwon ba ya nuna kansa a watannin fari. Yakan fara daga wajen wata 6, sau da yawa da kumburin bayan hannu da na ƙafa, jariri yana ta kuka idan an taɓa. Kada a jira wannan. Idan an taɓa samun mai ciwon a dangi, ko an yi ta rasa yara, a je asibiti a roƙi gwajin jinotayif. Wannan dabam ya ke da rukunin jini na A da B da O da a ke dubawa wajen ƙarin jini. A Dutse akwai Babban Asibiti da Asibitin Rasheed Shekoni, a Birnin Kudu akwai asibitin Gwamnatin Tarayya. Kamar matar Shunem, a san hanya tun rana ba ta ɓaci ba.

Na biyu, ta san cewa zazzaɓi ga wannan yaro ba abin jira ba ne. Ya kamata a sami ma'aunin zafin jiki a gida. Idan ya kai 38, a tafi asibiti a ranar, ko dare ne, ko Lahadi ce. Kada a ce bari mu ba shi farasitamol mu gani zuwa gobe, gama maganin yana rufe zafin, cutar kuwa tana ci a ciki.

Na uku, ta san alamun hatsari: tafin hannu da leɓe da cikin ido sun yi fari, yaro ya yi laushi, ya ƙi nono ko ruwa, numfashi da sauri ko ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa sun mutu, ko da na ɗan lokaci ne, ciki ya kumbura ta hagu. Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙari na hagu. Uwa ta roƙi nas ta kama hannunta ta nuna mata yadda a ke taɓawa, sa'an nan ta riƙa dubawa lokacin wanka, balle ran da yaron ba ya jin daɗi.

Na huɗu, ta san abin da ke ta da ciwon: ƙishirwa, sanyi, gajiya mai yawa, da sauro. A watannin bazara a riƙa ba shi ruwa mai tsabta a kai a kai, ya tafi makaranta da gorarsa. Da hunturu a sa masa riga mai kauri, a yi masa wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta ɗaga. Da damina kada a bar shi cikin ruwan sama ko wanka a kududdufi. Ya kwana cikin gidan sauro kowane dare, rani da damina. Idan ciwon ƙashi ya fara, a ba shi ruwa, a ɗumama wurin da tsumma mai ɗumi, a ba shi maganin da likita ya rubuta. Idan bai lafa ba, a tafi.

Na biyar, ta riƙe magani da aminci. A 1986 likitoci a Amurka sun nuna cewa ƙwayar fanisilin da a ke ba ƙananan yara masu ciwon safe da yamma ta rage wata muguwar cutar jini da kashi 84 cikin 100. Akan ba da ita har yaro ya kai shekara 5. Akwai folik asid, da maganin kariya daga zazzaɓin sauro, da alluran rigakafi, kada a tsallake ko ɗaya. Akwai kuma haidroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwon. Likitocin Kano, a asibitin Aminu Kano da na Murtala Muhammad, sun gwada shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a 2022. Likita ne kaɗai zai sa yaro a kansa, yana duba jininsa.

Na shida, ta san abin da za ta ƙi. Kada a yi wa yaron ƙaho ko tsaga ko sakiya, gama jinin da ba ya isa ba a zubar da shi. Kada a sayi maganin ƙarin jini a kasuwa sai likita ya ce. Mai bi kuwa ba shi da abin nema wurin boka. Idan wani ya ce shan magani rashin bangaskiya ne, a tuna masa da Sarki Hezekiya: Allah ya ji addu'arsa, annabi Ishaya kuma ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Aikin ekklesiya

Manzo Bulus ya rubuta wa Titus cewa tsofaffin mata su koya wa ƙanana yadda za su riƙe gida da 'ya'ya. Ga aiki a gabanku, ya ku Zumuntar Mata. Da yawa cikin matanmu na ƙauye ba su iya karatu ba, wannan takarda ba za ta kai gare su ba sai ta bakinku. Ku keɓe taro ɗaya, ku gayyato nas ko malamin asibiti daga cikin 'yan'uwa, ku kawo goro fari da ja ku nuna misalin. Ranar 19 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin wannan ciwo tun 2008, ta dace da irin wannan taro. Ku kira maƙwabtanku Musulmi su ma su ji, gama ciwon ba ya tambayar addini, kukan uwa kuwa iri ɗaya ne a kowane gida.

Ku maza, kada ku zama masu tambayar dalilin tafiya sa'anda yaro yana kwance. Ku ba matanku izini tun yau, cewa ko ba kwa gida su tafi asibiti ba sai sun jira ku ba. Ku ajiye kuɗin mota a wurin da suka sani. Idan an nemi jini, ku fara miƙa hannu a gwada. Dattawan ekklesiya kuma su yi shawara a kan ɗan asusu na gaggawa, su san mai babur ko mai mota da za a iya tasa da tsakar dare. Matar Shunem ta sami jaki da bara. Uwar da ke ƙauye bayan Kiyawa, wa zai zama jakinta in ba mu ba?

Ku samari da 'yan mata, ku gwada jininku tun zance bai yi nisa ba, tun ba a kai kayan gaisuwa ba. Gwaji a makon ɗaurin aure yakan zo bayan zuciya ta riga ta kamu. Jihar Kano ta kafa doka a 2024 cewa sai an yi gwaji kafin aure. Mu kuwa bai kamata mu jira doka ba kafin mu yi abin da ƙauna ta nuna. AS da AA ba za su haifi SS ba. AS da AS su zauna da likita da fasto, su ji gaskiya duka kafin su yanke shawara. Amma waɗanda suka riga suka yi aure, alkawarinsu yana nan. Kada gwaji ya raba abin da aka ɗaura a gaban Allah.

A ƙarshe muna magana da ke, 'yar'uwa, wadda kin kwana nawa a zaune da yaro a cinya. Wataƙila kin riga kin binne ɗaya ko biyu, kina karanta wannan kina cewa da na sani. Kada ki ɗora wa kanki laifin abin da ba wanda ya koya miki. Waɗansu kuma sun yi duk abin da ya kamata, duk da haka Ubangiji ya karɓi abinsa. Ba mu yi miki alkawarin da ba namu ba ne. Amma muna shaida miki cewa masu wannan ciwo da yawa sun girma, sun yi karatu, sun yi aure, suna aiki. Kada ki kira ɗanki ɗan wabi, kada ki hana shi makaranta, kada ki bar kowa ya gaya masa ba zai daɗe ba. Kwanakinsa a hannun Allah su ke. Ke dai ki koya, ki lura, ki yi hanzari.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai da ka ba da Ɗanka, ka san zafin ganin ɗa cikin azaba. Ka dubi yaranmu masu amosanin jini, ka sauƙaƙa musu. Ka ba iyayensu mata ido mai lura da ƙafa mai sauri. Ka gafarta mana inda muka yi zargi maimakon taimako. Ka albarkaci likitoci da nas-nas na ƙasarmu. Ka sa ekklesiyarka ta zama wurin da mai nauyi zai sauke kayansa. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.